Talata biyu na yi a mako ɗaya: daga Tokyo zuwa Los Angeles

Shekaranjiya na dawo, har yanzu barcina bai koma daidai ba. Da na fara duba tikitin tafiyar nan na ɗauka kuskure aka yi: tashi daga Tokyo ƙarfe 5 na yammacin Talata, sauka a Los Angeles ƙarfe 11 na safiyar Talatar dai. Wato in isa tun kafin in tashi ke nan?

Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 8,800 ne, kuma kusan duk a kan tekun Fasifik. Awa 10 muka yi a sama. Amma wannan lissafin masu sayar da tikiti ne. Filin jirgin Narita kansa yana da nisan kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo, sai da na yi awa guda a jirgin ƙasa, ga layin awon kaya, ga zaman jira.

Allah ya haɗa ni da maƙwabcin kujera na kirki, wani dattijo Bajapane mai zuwa ganin jikokinsa. Ya lura na ƙura wa taswirar da ke bayan kujera ido, domin maimakon jirgin ya miƙe gabas ɗoɗar, sai na ga ya karkata arewa kamar mai neman Alaska. Na ce masa, "Baba, anya direban nan bai yi ɓatan kai ba?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ciro lemo daga jakarsa, ya ɗiga masa alama biyu da biro, ya ja wayar abin sauraren kunne tsakaninsu ya ɗame ta. Sai ga wayar ta bi ta saman lemon. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Duniya a dunƙule take, taswira ce ke shimfiɗe ta. Wannan lanƙwasar ita ce yanke." Ya ɓare lemon, ya ba ni rabi mafi girma.

Na gabana kuwa sai haƙuri. Ana kawo abinci ya kwantar da kujerarsa har gwiwata, shayi ya zube mini a wando, ko waiwayowa bai yi ba balle sannu.

Cikin dare muka ƙetare layin da ake sauya kwanan wata, aka mayar da mu baya da kwana guda. Tokyo na gaban Los Angeles da awa 16 a wannan lokaci na shekara. Azahar ɗin Talata sau biyu na sallace ta, ɗaya a Japan, ɗaya a Amurka.

Los Angeles akwai tsada, ruwan gora ma sai ka yi tunani, kuma kusan kowane ciniki ana sa ran ka ɗora tukuici.

Dawowa ta ci kusan awa 12, don iskar can sama mai kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda ta tura mu a zuwa, yanzu ita muke fuskanta. Na tashi Juma'a da tsakar rana, na sauka Asabar da yamma, rana ba ta faɗi ba ko sau ɗaya a hanya.