Garin tukar zoɓo da yadda muke yin namu

Kakata a Gumel ba ta zubar da komai na yakuwa. Ganyen ya shiga miya, zoɓon da aka tace a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, gurguzun kuma a dafa a yi daddawar batso. Da na yi aure na dawo Kano na ga masu zoɓon sayarwa suna kwarara tukar a kwata bokiti-bokiti, sai abin ya tsaya mini a rai.

Ƙanena da ya yi karatun kimiyyar abinci ne ya ba ni labarin Italiya da Faransa, inda ake matse inabi a yi giya. Wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin inabin yana saura a matsayin ɓawo da ƙwallo. Suna tatsar mai daga ƙwallon, su busar da ɓawon su niƙa a zuba a biredi, saboda fayiba da kuma sinadarin antosayanin mai kare ƙwayoyin jiki. Ya ce: "Yaya, dangin wannan sinadarin ne ke ba zoɓo jansa." Mu ba ruwanmu da giya, amma dabarar ta shige ni, har na fara niƙa tukar zoɓo ina sayar da garin.

Aikin duk a shanya yake. Tukar da ta kwana jiƙe ta tashi daga aiki, don tsamin ruɓa daban yake da tsamin zoɓo, hanci na ganewa tun daga bakin ƙofa. Muna matse ta a ƙyallen tata, mu baza siriri a kan raga a inuwa. Rana tsaka tana cinye launin, ya koma kamar ƙasa. Da hunturu kwana 2 ta bushe ƙayau, ka murza ta ruguje a hannu. Da damina kuwa sai addu'a. Bayan niƙa mukan tankaɗe sau 2 da rariya mai laushi.

Masu kawo mini tuka sun sha ba ni ciwon kai. Na ce a cire mini kafin a sa sukari da fulebo, a ce to, washegari a kawo ta tana danƙo, da ɓawon abarba a ciki. Mai inji ma ya taɓa niƙa mini buhu guda bayan barkono bai wanke ba. Tun daga ranar na sayi nawa.

Ga kuma masu kwaikwayo. Dusa suke rinawa da jar kala su sayar rabin kuɗina, sai mai saye ta zo tana cewa: "Hajiya, na wancan layin ya fi naki ja." Ba na musu. Kofi biyu nake ɗaukowa, in dama nawa da nasu, in ɗiga ruwan kanwa. Nawa nan take ya juya shuɗi-shuɗi mai duhu, in matsa lemun tsami ya dawo ja. Nasu ko gezau.

Wannan halin na garin ne ya sa nake gargaɗin masu kek: in kuka haɗa shi da bakar hoda da yawa, kek ɗin zai fito launin toka. Ya fi dacewa da biredi mai yis, cincin da kunun gyaɗa. Cokali 2 a gwangwanin fulawa ya isa.

Sabon zoɓo na shigowa kasuwar Dawanau daga Nuwamba, masu dafawa su yawaita, lokacin ne garin tukarmu ya fi kyau. Mai son na biki ta yi magana da wuri.