Ka biya kuɗin fili, amma sunan wa ke kan takardar?

Yawancinmu in za mu sayi fili abin da muka sani shi ne dillali ya kai mutum ya gani, a yi ciniki a sallama, a je gaban mai unguwa a rubuta takarda shaidu su sa hannu, a ba da la'ada a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Ban raina wannan takarda ba wallahi, shi mai unguwa sau da yawa ya san tarihin wurin tun yana gona, ya san wa ya gada wa ya sayar. Amma abin da take tabbatarwa shi ne wane ya karɓi kuɗinka ranar kaza a gaban su wane. Ko filin nasa ne, ko ya riga ya sayar wa wani bara, ko gwamnati ta daɗe da fitar da titi ta tsakiyarsa, duk wannan takardar ba ta san da shi ba.

Abin da ya sa haka kuwa doka ce da da yawanmu ba mu taɓa karantawa ba alhali ita ke mulkin duk wani taku na ƙasa a Najeriya, wato Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Dokar ta ɗauki ƙasar kowace jiha ta damƙa a hannun gwamna a matsayin amana, kai abin da kake da shi izinin zama ne da amfani, shi ya sa za ka ga C of O, wato takardar shaidar wannan izini, na gidan zama yawanci shekara 99 aka rubuta a kai. Mu a Arewa ma abin ba sabo ba ne, tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta zo ta ɗora a kai. Filin cikin birni yana hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsa.

To ga inda mutane suke faɗawa rami, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke riƙe da fili da izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar da shi ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa haka babu shi a idon doka. Kotun Ƙoli ta nuna ba da wasa ake ba a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda aka rushe jinginar da aka yi wa banki guda saboda ba a nemi amincewar ba. In banki mai tarin lauyoyi ya sha ƙasa a kan wannan, ina ga ɗan kasuwa ko malamin makaranta da ya tara kuɗinsa da adashi? Amma sai ka ga mutum ya biya miliyoyi, an miƙo masa C of O mai ɗauke da sunan wanda ya sayar, ko ma sunan wanda ya sayar wa wanda ya sayar masa, ya kai gida ya jefa a akwati hankalinsa kwance wai ai orijina na hannunsa. A fayil ɗin ma'aikatar ƙasa har gobe wancan ne mai fili, in ya rasu magadansa za su iya tasowa, in marar tsoron Allah ne zai iya zuwa ya yi rantsuwa a kotu cewa takardarsa ta ɓata ya nemi wata.

Ni a ganina kafin ko kwabo ya fita daga aljihu sai an yi bincike, kuma kai da kanka ko lauyanka, kar ka bar wa dillali don shi la'adarsa na cikin ƙulluwar cinikin. Akwai hukumomin da ke riƙe da bayanan filaye, a Kano KANGIS, Kaduna KADGIS, Abuja AGIS, ka biya kuɗin bincike a buɗe fayil a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da wurin a banki, ko an ƙwace izinin, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Sannan ka ɗauki safiyo mai rajista ku je wurin ya duba duwatsun iyaka ya gwada su da abin da ke zane, don ana nuna wa mutum fili mai kyau a bakin titi alhali lambar da ke takarda ta wani ce can ciki kusa da kwari. Ka tambayi maƙwabta, tambaya ba ta da tsada. Mai sayen fili a Abuja kuma ya sani cewa ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon ba da fili a can, takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma ko daga wani basarake ta jefa mutane da dama cikin kuka.

Filin gado shi ne ya fi ba ni tsoro. Babban wa ya tashi ya sayar da gonar mahaifinsu alhali ba a raba gado ba, ƙannensa mata na gidajen aure ba wanda ya tuntuɓe su, wasu magadan ma yara ne ƙanana. Shekara biyar ka yi gini ka tare sai sammaci ya iso. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun Shari'a, ka ga kason wa ake sayar maka, in kuma ba a raba ba to kowane magaji sai ya sa hannu, har matan, kuma dan Allah a ji daga bakinsu kar a ce wai yayansu ya wakilce su. Akwai kuma maganar shufu'a a fiƙihunmu na Malikiyya, wanda ya yi tarayya a fili yana da haƙƙin ya biya kuɗin da ka biya ya karɓi kason da aka sayar wa bare.

Awon igiya kuwa, wato filin da aka yanka ba bisa tsarin gwamnati ba, na san shi ne talaka ke iya saye, ba zan ce kar a saya ba, amma a je hukumar tsara birni a tambaya ko wurin bai faɗa hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba.

In komai ya fito tsaf, lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, a biya ta banki don tiransifa na barin sawu, a sa shaidu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ita da kanta ta ce a kafa shaida in an yi ciniki. Daga nan a nemi amincewar gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista har sunanka ya shiga fayil. Akwai kashe kuɗi akwai jeka ka dawo, na sani, shi ya sa nake cewa mutum ya lissafa wannan cikin kuɗin filin tun farko. Kuma ka zagaye wurin ko da bulo layi uku ne ka riƙa leƙawa, don kotunan Shari'a na aiki da hauzi, in bare ya shekara goma yana amfani da fili kana gari kana gani ba ka ce uffan ba, da wuya alƙali ya saurari da'awarka.