"Ba kai nake nufi ba"

Na sauka birnin Kolon na ƙasar Jamus a watan Oktoban 2022, na zo koyon aikin kula da tsofaffi. Ashe na faɗo ne a tsakiyar zullumi. Makonni kaɗan kafin zuwana aka fasa Nord Stream, bututun da ke kawo iskar gas daga Rasha zuwa Jamus, a ƙarƙashin Tekun Baltik, ita kuma Rasha, wadda kafin yaƙin Yukren take kawo fiye da rabin iskar gas ɗin da Jamus ke saya daga waje, ta riga ta rufe famfo. Duk wannan a wurina labarin rediyo ne, sai ranar da mai gidanmu ya liƙa takarda a bakin matakala cewa kowa ya rage kunna na'urar ɗumama ɗaki. Mutumin da bai taɓa sanin irin wannan sanyi ba, shi aka ce ya yi tsimi! Na kwana da riga uku da safa biyu, ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Sati na biyu wata tsohuwa da ke hawa na ƙasa ta kama ni dumu-dumu ina zuba shara. Ba ta ce uffan ba. Hannu kawai ta sa ta ciro ledata, ta kwance ta a gabana, ta shiga rarrabawa: roba da gwangwani kwandon rawaya, takarda shuɗi, ɓawon dankali mai ruwan ƙasa. Kwalabar ruwa kuwa ta miƙo mini, ta ce in mayar kanti in karɓi santi 25. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na fara ce mata Inna, da na faɗa mata ma'anarsa ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Wajen Inna na gane cewa shara a nan aƙida ce. Tun bala'in fashewar tashar nukiliya ta Chanobil na 1986 take fita zanga-zangar adawa da nukiliya. A watan Janairun 2023, da 'yan sanda suka kori masu fafutuka daga ƙauyen Lützerath domin a faɗaɗa ramin haƙar kwal, har aka ga an ɗauki Greta Thunberg, matashiyar nan mai fafutukar kare muhalli, caɗak, Inna ta kwana biyu tana faɗa da talabijin. Ranar 15 ga Afrilu kuma, da aka kashe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe, sai da ta gasa kek ta hawo da shi.

A wurin aiki akwai wani abokin aikina, magidanci, wanda shi ya koya mini yadda ake ɗaga mara lafiya daga gado ba tare da na karya bayana ba. Shi a ganinsa hauka ne zalla: ka rufe nukiliya, ka ci gaba da ƙona kwal, sannan ka ce talaka ya biya kuɗin wuta mai tsada. Masu fafutukar kare muhalli da ke manna hannuwansu a kwalta su tare hanya kuwa, kada ma ka tayar masa da zancensu. Gaskiya a batun kwal ina ganin yana da hujja, kodayake ban taɓa faɗa wa Inna haka ba. Ina sauraron su biyun kamar mai kallon dambe, tunda ba ni da ɗan wasa a fili.

Ban daɗe a kujerar 'yan kallo ba. A Janairun 2024 labari ya fito na wani taro da aka yi a birnin Potsdam, inda masu tsattsauran ra'ayi, har da wasu 'yan jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi, suka tattauna yadda za a kwashe baƙi daga ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fito titi a Kolon suna Allah wadai. Inna ta ja ni muka je, tana dogara sanda, ni ina riƙe mata kwali. Sai kuma a watan Agusta aka kashe mutum uku da wuƙa a wajen biki a Solingen, garin da bai da nisa da mu, wanda ake zargi ɗan gudun hijira ne. Washegari a jirgin ƙasa kujerar da ke gefena ta zauna babu kowa, alhali mutane na tsaye. Wata mai zuwa gwamnati ta baza bincike a dukkan iyakokin ƙasar.

Zaɓen 23 ga Fabrairun 2025 AfD ta zo ta biyu da kashi 20.8 cikin ɗari. Muna shan shayi lokacin hutu abokin aikin nan ya gaya mini, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa su ya zaɓa. Da ya ga fuskata ta canza, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba kai nake nufi ba. Kai ai kana aiki, kana biyan haraji."

Na san har zuciyarsa ya faɗa, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wanda ya ƙi zama kusa da ni a jirgi bai nemi ganin takardar albashina ba. A wannan dare mu biyar ne a bakin aiki, huɗu ba a Jamus aka haife mu ba, mu ke juya iyayen Jamusawa a gado muna share musu baki. Na so in faɗa masa haka, Jamusancin ya maƙale. Ƙararrawar ɗaki na 12 ta yi ƙara, muka tashi tare, shi ya kama kafaɗu ni na kama ƙafafu.

Tun Yunin 2024 doka ta rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga takwas zuwa biyar. Inna ta yi lissafi da yatsunta ta ce 2027 ke nan. Ta samo tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, 33 ake yi, sai mutum ya ci 17. Duk Lahadi sai ta kira ni ƙasa ta ɗora tabarau. Makon jiya ta tambaye ni jihohi nawa ne a Jamus, na ce 16. Ta ce madalla, sannan ta leƙa ta taga ta ce wane ne ya sake jefa kwali a kwandon rawaya.