Tasha ta 13, da yinin da Hajiya ta yi cikin zafi

Har yanzu idan na tuna yadda na tarar da mahaifiyata Hajiya ranar nan sai zuciyata ta sosu. Bayan La'asar na dawo daga aiki, a tsakiyar watan Yuli, kuma duk wanda ya taɓa zama a Jidda ya san abin da nake nufi, zafi ga danshin tekun nan da ke manne wa mutum a fata. Ina buɗe ɗakinta na ji kamar na leƙa gidan burodi. Tana zaune a bakin gado, mayafinta ya jiƙe sharkaf, tana fifita da kwalin magani, ɗan maɓallin da na manna mata a jikin gado kuma yana hannunta. Tun bayan Azahar take danna shi, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, bai tashi ba.

Na ce, "Hajiya, don Allah me ya hana ki kira ni?" Ta ce, "Ai kana wurin neman abinci, ɗan nan. Na ce ko wutar ce, za ta dawo."

Uwargida ta tafi Makka ta'aziyya da yara. Rimot ɗin mukayyif kuwa ni da kaina na ɗauke shi makonni uku kafin nan, na jefa a durowar ɗakina, saboda a ganina aikinsa ya ƙare.

Dalilin haɗa na'urorin nan a gidan tun farko Hajiya ce. An yi mata aikin gwiwa, tashi ya zama wahala, ni kuma na so a ce daga kwance tana iya kunna fitila da mukayyif. Ɗan wana da ke karatu a Amurka ya zo hutu ya kawo min hob, ɗan akwatin nan da ke haɗa kan na'urorin gida, tsaraba. Na duba cajarsa na ga an rubuta 100 zuwa 240, wato zai ɗauki wutarmu ta 220, na sa masa adafta mai ƙafa uku, na ce shi ke nan. Kwan fitila da maɓallai da na'urar jikin ƙofa duk na Zigbee ne, wato wata hanyar sadarwa marar waya da suke magana da hob da ita, a nan na saye su, guda 14. Sai wata 'yar na'ura mai araha da ke aika wa mukayyif umarni kamar rimot, ita kuma ta waifai take aiki. Haɗawar farko ba ta ba ni wuya ba, ban da abin da kowa ya sani, hob ɗin ba ya jin waifai na zangon 5 gigahaz sai na 2.4, rautarmu kuma, akwatin da ke ba gidan waifai, ta haɗe biyun a suna ɗaya. Na raba su, na sauya sunan daga haruffan Larabci zuwa na boko, ya kama nan take. Makonni uku komai na tafiya daidai.

To, gaskiya an yi min gargaɗi har sau biyu ban gane ba. Sau biyu a cikin makonnin nan na tashi da asuba na ga fitilar hob ɗin ta koma ja. Na zare rauta daga wuta na mayar, ya dawo. Na ɗauka irin rikicin na'ura ne da kashewa da kunnawa ke magancewa. A karo na uku ne abin ya faɗa kan Hajiya, kuma a ranar na zare rautar nan ya fi sau biyar, ja ɗin bai gushe ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne komai na gidan yana kan intanet. Wayata lafiya, talabijin lafiya, har 'yar na'urar mukayyif ɗin da ban saya da wani kuɗin kirki ba tana nan a haɗe, idan na umarce ta daga manhajarta sai ta amsa. Hob ne kaɗai ya kurumce. Maɓallin Hajiya yana kunna fitila, don wannan tsakaninsa da hob ne ta Zigbee, ba ruwansu da rauta. Amma saƙon mukayyif sai ya fita daga hob ya bi ta waifai kafin ya isa, a nan yake maƙalewa. Da na tsaya na yi wa kaina tambaya ɗaya, wai me ya bambanta na'urar da ke gani da wadda ba ta gani, da na tsira. Ɗaya a Jidda aka saye ta, ɗaya daga Amurka ta zo. Amsar tana gabana, ɓacin rai ya rufe min ido.

Sai na aikata abin da har gobe nake nadama. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na samo allurar cire sim, na zura a ɗan ramin da ke bayan hob, na danne har ya goge kansa ya koma yadda ya fito daga kamfani. A tunanina zan sake haɗa shi cikin minti biyar kamar ranar farko. Na buɗe manhaja, ta jero min sunayen waifai na maƙwabta sun fi ashirin, na sama da na ƙasa da na ginin da ke kallonmu, namu ne kawai babu. Rautar tana nesa da shi da taku uku.

Sannan ne na fahimci girman abin da na yi. Goge hob ba goge kalmar sirrin waifai ba ne kawai. Duk na'urorin Zigbee da aka ɗaura masa suna riƙe ne da makullin da shi ya ba su, ranar da ya manta makullin sun zama marayu. Kafin in taɓa shi, aƙalla fitilun suna aiki. Bayan na taɓa shi, maɓallin Hajiya ya zama roba kawai. Duk tsare-tsaren da na ɓata dare ina shiryawa, fitilar baranda ta kunnu kafin Asuba, ta banɗaki ta yi haske kaɗan idan an buɗe ƙofarta da dare, duk sun tafi. Daren nan na mayar mata da rimot ɗinta, na bar fitilar banɗaki a kunne har safe.

Washegari na ƙara kuskure a kan kuskure. Wani abokin aiki ya ce bangon gidajenmu ne, kankare da bulo suna cinye sigina, in sayi muƙawwi, na'urar nan mai ƙara wa waifai nisa. Maganarsa a kan bango gaskiya ce, amma ba ita ce cutata ba, tunda ko a gefen rauta hob ɗin bai ganin komai. Duk da haka na saya, riyal 180. Na jona, na saita, ya fito da sabon suna, wayata ta gan shi da cikakken ƙarfi. Hob bai gan shi ba. Na fara lissafin sayen sabon hob, ina cewa a raina tsarabar ta lalace a hanya.

A rana ta huɗu bayan sallar Isha na yi ƙorafin a ƙofar masallacin unguwa. Akwai wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, irin Hausawan nan da kakanninsu suka zo Hajji ta Sudan tun da daɗewa suka zauna, Hausarsa rabi Larabci ce, yana aiki a wani shagon waya a titin Falasɗin. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Kawu, jihaz ɗin daga ina aka kawo shi?" Na ce Amurka. Ya ce, "Ɗayyib, mu je in gani."

Ko zama bai yi ba. Ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai nuna duk waifai ɗin da ke kewaye kamar tuddai a jere, ya miƙo min. Tuddai sun cunkushe a kan lamba 1 da 6 da 11, sun hau kan juna. Can a ƙarshen dama, shi kaɗai, ga sunan gidanmu a kan 13, muƙawwin da na saya kuma yana manne da shi a wuri guda.

Ga bayanin yadda ya yi min, kuma daga baya na bi na tabbatar. Zangon 2.4 gigahaz an yanka shi tashoshi-tashoshi, tazarar megahaz 5 tsakanin kowace da mai bi mata. A nan Saudiyya, kamar Turai, ana amfani da 1 har zuwa 13. Akasarin kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa a 11 suke tsayawa, ba sa ma leƙa 12 da 13. Kamar rediyon da allurarsa ta ƙare kafin ta kai tashar da kake nema, tashar tana watsa shiri, kai dai ba za ka ji ba. Tasha ta 11 tana kan megahaz 2462, ta 13 tana kan 2472. Megahaz goma kacal, su suka zaunar da mahaifiyata cikin zafi.

Rautar kuma ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. An bar zaɓin tasha a kan otomatik, don haka duk lokacin da ta tashi sai ta saurari unguwa ta koma inda cunkoso ya fi sauƙi. A gini irin namu mai gidaje da yawa, wurin da ya fi zama fili sau da yawa shi ne can ƙarshe. Sau biyun farko da na zare ta na mayar, dace na yi ta sauka a tashar da hob ke gani. A karo na uku ta ga 13 ta fi mata, ta yi ta komawa can. Muƙawwi kuwa a tashar da uwarsa take a nan yake maimaitawa, shi ya sa riyal 180 ɗina ba su sayo min komai ba.

Gyaran bai kai minti uku ba. Ya juya rautar ya karanta adireshin shiga da ke jikin takardar ƙasanta, ya shiga shafin saiti, ya je sashen 2.4, ya cire otomatik ya kafe ta a tasha ta 1, ya rage faɗin tashar daga megahaz 40 zuwa 20. Na sake buɗe manhajar hob, sunan gidanmu ne na farko a jerin. Fitilar nan da ta kwana huɗu tana ja ta koma shuɗiya. Wallahi ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi da ƙarfi ba, har Hajiya ta tambaya daga ɗaki ko lafiya.

Amma murnar ba ta daɗe ba, don wannan minti ukun shi ne duk abin da ake bukata tun daren farko, da ban zura allurar nan ba. Yanzu ga na'urori 14 suna jira a sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Kwan fitila sai ka yi ta kashewa da kunnawa daga bango har ya yi ƙyafta, idan ka kuskure ƙidaya ka koma farko. Uku daga ciki sun ƙi, sai da na hau tsani na kwance su na kawo kusa da hob. Na'urar ƙofa sai an ɓalle murfinta an danne wani ɗan maɓalli da farce ba ya kaiwa. Dare biyu na yi a kan wannan, ina hawa ina sauka, kowane kwai na kwance sai na tuna cewa lafiyarsa ƙalau kafin in sa hannu.

Tunda dai an koma farko, yaron ya ba ni shawarar da ta yi amfani. Zigbee ma a cikin 2.4 ɗin yake zaune, da nasa tashoshin daga 11 zuwa 26, kuma lambobinsu ba ɗaya ba ne da na waifai. Waifai a tasha ta 1 yana danne Zigbee na 11 zuwa 14, don haka muka kai hob ɗin tasha ta 20 kafin in fara ɗaura komai, tunda sauya ta daga baya kan sa wasu na'urori su ɓace. Ya sa na ɗauke hob daga kan rauta inda na ɗora shi, na matsar da shi kamar mita biyu, nesa kuma da bangon kicin da na'urar ɗumama abinci take, don ita ma a wannan zangon take zuba hayaniya. Ya kuma ce in gode Allah ba kayan Z-Wave, wani tsarin mai kama da Zigbee, aka kawo min ba, don su mitarsu ma daban ce, na Amurka wajen megahaz 908, namu 868, kuma wannan babu saitin da ke gyara shi.

Masu karɓar tsaraba daga waje, da masu oda ta intanet ba tare da duba ko kayan na wace kasuwa ba ne, ni dai ga abin da ya same ni. Duba caja bai isa ba. Idan na'ura ta ga waifai ɗin kowa ban da naka, kada ka zargi bango, kada ka sayi komai, ka fara duba tashar da rautarka take. Idan za ka sayi hob da kuɗinka, nemi mai ramin waya ka jona shi da rauta kai tsaye, nawa ba shi da shi. Ramin allurar nan kuma ka bar shi sai ka gwada duk wani abu ka rasa, kuma kada ka taɓa shi da dare kana cikin fushi.

Wata biyar ke nan fitilar ba ta sake yin ja ba. Muƙawwin yana cikin kwalinsa a saman firij, shagon sun ƙi karɓa tunda an buɗe. Rimot kuwa na ɗaura masa zare na rataye shi a jikin gadon Hajiya, dab da maɓallin. Jiya da na shiga gaishe ta na ga maɓallin take dannawa, amma ɗaya hannun yana kan zaren.