Babi na huɗu: abin da kundin Iskandar ya koya mini

Na kammala digiri na biyu a sashen tarihi, kuma tun da ƙannenmu da ke baya suna ta tambayar abin da ya riƙe kundina, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

A kan yaƙe-yaƙen Iskandar na Masidoniya na yi aikin. Babi uku na farko hanya ce da kowa ya taka. Ya gaji mahaifinsa Filibus a shekarar 336 kafin Miladiyya yana ɗan shekara 20, ya tsallaka Asiya a 334, ya karya rundunar Dara sarkin Farisa a Isus, ya yi wa birnin Taya ƙawanya wata 7, ya shiga Masar, sannan a 331 ya gama da ƙarfin Dara a Gaugamela, a arewacin Iraƙi ta yau. Malamin da ke duba aikina ya ji daɗin wannan sashe. Yana son taswira mai kibiyoyi, kowace kibiya da shekararta.

A babi na huɗu muka raba gari. A nan na tsaya a kan abin da ya biyo bayan faɗuwar Farisa. A Baktiriya da Sogdiya, wajen arewacin Afganistan da Uzbekistan, mutumin nan da ya kifar da babbar daula ya shafe sama da shekara 2 yana fama da tawaye. Garin da ya ci jiya, yau ya juya masa baya. Wani basarake Sifitamanis ya hallaka masa runduna guda, kuma ba a fagen daga Iskandar ya same shi ba, abokan tafiyarsa ne suka yanke kansa suka aiko. A Samarkand, a 328, Iskandar ya soke Kilaitus da mashi a wurin shaye-shaye, shi kuwa Kilaitus ne ya ceci ransa a yaƙin Giranikus. Marubucin tarihinsa Kalistanis, ɗan'uwan masanin falsafa Aristotal, ya ƙi faɗuwa gabansa irin gaisuwar Farisawa, bai daɗe ba aka kama shi, bai fita da rai ba. A 326, a bakin kogin Biyas na Indiya, sojojinsa suka ce ba inda za su ƙara. Hujjata ita ce taswirar nan tana nuna inda dawaki suka taka ne kawai, ba inda mulki ya zauna ba. Na kuma nuna cewa Ariyan, marubucin tarihin da muka fi dogara da shi, ya yi rubutu sama da shekara 400 bayan Iskandar, kuma da labarin Batlamiyus ya jingina, kwamandan da rabonsa ya zama Masar. Wanda ya ci gado ba ya zagin mamaci.

Babin ya dawo mini da jan biro daga sama har ƙasa: "Cire. Ba a turo ka ka yi wa Iskandar shari'a ba." Na je ofis, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ko in sake tsara shi?" Bai ɗago daga wayarsa ba. "Kai ne malamin ko ni?" Na cire.

Ranar kare kundi, dattijon da aka gayyato daga wata jami'a ya juya shafuka ya dube ni. "Ɗana, ina babin da zai gaya mana dalilin da daular ta tarwatse da zarar ya mutu a Babila a 323?" Kafin in buɗe baki malamina ya ce, "Na sha gaya masa ya ƙara, bai ji ba." Babin nan mai jan biro yana cikin jakata, a jikin ƙafata. Ban fito da shi ba, domin sa hannun malamina nake jira. Aka ƙara mini zango, na sake biyan kuɗin makaranta da mahaifiyata ta sayar da tumakinta ta haɗa. Ana ta cewa in yafe, kuma ina ƙoƙari, amma har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar ba ko kunyar ido, ƙirjina zafi yake. Babin da na mayar shi ne wanda ya soke, ban sauya ko waƙafi ba, ya sa hannu.

Ku da ke tafe, ku adana kowane kwafi da aka yi wa gyara, ku ɗauki hotonsa. Ku nemi wani malami na biyu ya riƙa ganin aikinku, ko da a ɓoye ne. Kafin ku yarda da labarin nasara ku tambayi wanda ya rubuta shi da abin da ya samu. Wanda kuma zai taɓa Iskandar ya shirya wa tambayar ko shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, don sai an yi masa ita. Malamai sun saɓa, Ibn Kasir dai ya ce mutum biyu ne daban, kuma da wannan na amsa.