Abin da masuntan Abu Ƙir suka koya mani

Ni dai har na bar Katsina iyakar sanina da kifi shi ne wanda ake soyawa a bakin titi da daddare a barbaɗa mashi yaji, sai kuma banda da Inna ke jefawa a miyar kuka. Dam ɗin Ajiwa ga shi nan kusa a ƙasar Batagarawa amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na kalli yadda ake su ba, a raina masunci mutum ne da bai samu abin yi ba, Allah ya yafe mani. Da wannan kan na tafi Masar karatun injiniyan lantarki a 2015, ina ta ɗaga hanci wai ni ɗan boko.

Makarantarmu na Iskandariyya, ni kuma na kama ɗaki a Abu Ƙir can ƙarshen gari ta gabas don haya ta fi sauƙi, mu uku a ɗaki, ni da wani Bazazzagi da wani ɗan Maraɗi. Garin masunta ne sosai, duk inda ka juya ƙarnin kifi da warin gishiri, in ka shanya riga a baranda ka ɗauko ta kamar ba ka wanke ba. A gaɓar nan ne jiragen yaƙin Ingila suka ragargaza na Faransa a 1798, amma wallahi mutanen garin ba wannan ke gabansu ba, farashin man jirgi da ƙanƙara ne zancensu. Ba mu daɗe da zuwa ba aka yi wani ruwa a ƙarshen Oktoba wanda ya cinye titunan Iskandariyya har aka rasa rayuka, gwamnan ma sai da ya ajiye aiki. Ni da na zo da tunanin Masar hamada ce ko laima ban saya ba.

Abin da ya kai ni bakin ruwa kau ba sha'awa ba ce, talauci ne. Duk wanda ya yi karatu a waje a 2016 ya san me nake nufi, naira ta faɗi warwas, dala ta doshi 500 a kasuwar bayan fage, katin banki ka sa a na'ura ya ƙi ba ka ko sisi, kuɗin da Yaya ke turo mani wanda da yake kai ni ƙarshen wata ya koma ba ya wuce sati biyu. Ana cikin haka a Nuwamba su ma Misirawa suka saki kuɗinsu fam darajarsa ta faɗi, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Wake da gurasa safe, wake da gurasa dare. Rannan ɗan Maraɗi yace tunda ga teku a ƙofar gida mu sayi fatsa mana, kifi dai ba na kowa ba ne. Muka haɗa kuɗi muka sayi sanda guda da zare da ƙugiyoyi, muka je muka zauna kan duwatsu kamar yadda muke ganin mutane na yi.

Kwana uku ba mu kama ko ɗan tsako ba. A na huɗu sai zare ya ja, na fizgo wani kifi mai tsawo, bayansa ɗige-ɗige cikinsa fari tas, yana faɗowa ya fara kumbura kamar talibambam. Murna wajenmu ba a magana, har Bazazzagi ya fara lissafin albasa da tattasai. Ina cikin cusa shi a leda sai wani tsoho da ke gyaran raga kusa da mu ya taso da gudu ya doke hannuna, dukan gaske fa, ledar ta faɗi. Raina ya ɓaci ainun, nace a raina yau ga wariyar da ake faɗa ta iso, don ma dai mun saba yara na bin mu suna kiran samara samara, wato baƙar fata. Da ɗan Larabcina na Islamiyya na fara yi mashi faɗa cikin fusha irin ta littafi, shi kau ya tsaya yana kallona, can ya ja yatsa a wuyansa yace arnab, arnab. Wato zomo. Sunan da suke ce ma kifin kenan saboda haƙoransa, kuma dafi ne da shi a hanta da ƙwai da fata wanda ko ka kwana kana dafawa wuta ba ta kashe shi, yana sandarar da jiki har numfashi ya tsaya, ba shi da makari, hukuma ma ta hana sayar da shi. Asalinsa ba na Bahar Rum ba ne, daga Bahar Maliya ya biyo mashigin Suwez da aka buɗe tun 1869 ya shigo, yana yanke masu zare yana yaga masu raga. Da tsohon nan ya bi ta ladabi ya tsaya sallama, ko ya ce ina ruwana da baƙi, da mu uku an kwaso mu a ɗaki ɗaya.

Washegari na koma na ba shi haƙuri, daga nan muka saba. Kowa Rayyis yake ce mashi, haka suke kiran shugaban jirgi, kamar dai a ce Sarkin Ruwa a wajenmu amma na jirgi guda. Da ya ji abin da nake karanta sai ya laƙaba mani bashmuhandis, babban injiniya, kuma ba ya faɗin sunan sai na yi wauta. Ya ce in ina so in riƙa zuwa da asuba ina taya su sauke akwatuna da fasa ƙanƙara kafin in tafi aji, a ba ni kifi da ɗan abin shan shayi. Na yi shekara biyu da wani abu ina wannan aikin, ban taɓa faɗa ma mutanen gida ba sai bayan na dawo, don na san Inna za ta ce an tura ni karatu na koma dako.

Aikin ƙanƙara ka gan shi kamar ba komai, ai zuba sanyi ne kan kifi. Ranar farko na jibga manyan ɓaraguzai a sama na koma gefe ina jiran yabo, sai yaron jirgi wanda bai fi shekara 14 ba ya zo ya zazzage duka ya sake. Sai an niƙa ta ƙanana, a shimfiɗa a ƙasa, a jera kifi, a sake rufewa, kuma dole akwatin ya riƙa tsiyayar da ruwa don in kifi ya kwanta cikin narkakken ruwa ya lalace, manyan ɓaraguzai kuma ƙuje mashi jiki suke dillali ya rage kuɗi. Ni da na ci jarrabawar yadda zafi ke ratsa abu da maki mai kyau, yaron da bai gama firamare ba ke gyara mani aikin sanyi. Shi ya koya mani duba kifi, ka ɗaga marfin kunnensa ka ga ja ne ko ya fara komawa ruwan ƙasa, ka kalli ido ko ya shige ciki ya yi hazo, ka danna da yatsa ka ga naman zai dawo. Har yau in na je sayen kifi a kasuwa masu kifi ba sa son ganina.

Amma inda na fi shan kunya shi ne maganar nawwa. Mutanen Iskandariyya suna da lissafin guguwar teku ta lokacin sanyi, kowace da sunanta da lokacinta, akwai Maknasa wato tsintsiya a tsakiyar Nuwamba don wai tana share teku, akwai Ƙasim a farkon Disamba, Faida babba da Giɗas a Janairu, Husum a Maris, ta ƙarshe Awwa wadda suke cewa bayanta babu sauran nawwa. Rayyis ba ya duba takarda, a ka yake riƙe da su. Wata rana a Disamba gari ya waye garau, teku kwance lumui kamar an shimfiɗa tabarma, na zo na tarar sun ja jirage sama suna ɗaurewa, nace Rayyis lafiya yau ba fita? Yace Ƙasim na hanya. Na zaro waya na nuna mashi hasashen yanayi, rana ce zalla har jibi, har da ɗan murmushina. Yace to bashmuhandis ka shiga wayar ka je ka kamo mana. Daren ranar ban yi barci ba saboda yadda iska ke jijjiga taga, da safe igiyar ruwa na tsallake duwatsun da muke zama tana zuba kan titi.

Kar wani ya ce ina cewa tsofaffi sun fi na'ura, a'a, akwai lokutan da nawwar ta makara da kwana biyu uku ko ta zo a raunane, su da kansu 'ya'yansu na duba waya. Abin da na lura da shi daga baya shi ne lissafin ba shi kaɗai yake aiki da shi ba, yana ba shi lokacin da zai fara sa ido ne, sannan ya kalli launin ruwa da inda iska ta juyo da yadda gwiwarsa ke mashi ciwo, ya haɗa. Kuma hasarar ba ɗaya ba ce, in ya zauna guguwa ba ta zo ba ya rasa kamun yini guda, in ya fita ta zo ya rasa jirgi da 'ya'yan mutane. Ni ina lissafin wa ya yi daidai, shi yana lissafin me zai iya ɗauka in ya yi kuskure.

Ranar ce na tuna kakana Allah ya jiƙansa, yadda yake zama a zaure yana ƙirga taurarin damina, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, kowane kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, yana cewa kar a yi gaggawar shuka da ruwan farko, mu kuma muna komawa bayan gida muna dariya wai tsoho na duba. Sai da na ƙetare hamada na ji irin wannan lissafin a bakin Balarabe sannan na yarda ilimi ne. Wannan abin har yanzu yana ci mani rai, don lokacin da na gane babu wanda zan koma in tambaya.

Rayyis na yawan ba da labarin sardin, yace zamanin babansa in kogin Nilu ya yi ambaliya ya kwararo da laka cikin teku, kifin har rasa inda za a sa shi ake. Da aka datse ruwan da babban dam na Aswan wanda aka gama a 1970, lakar da ke ciyar da ƙananan halittun da kifin ke ci ta daina isowa, kamun ya faɗo daga dubban tan zuwa ɗaruruwa. Ya kan ce injiniyoyi irinka ne suka yi, sun ba mu lantarki sun ɗauke mana sardin, ba wanda ya zo ya tambaye mu. Yana faɗa yana dariya yana miƙo mani kifin da suke ce ma buri da aka mulke da dusa aka gasa, wanda gaskiya duk zamana ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Fasik kam, ruɓaɓɓen kifin da suke ci lokacin bikin Shammun Nasim, sau ɗaya na gwada, duk wanda ya ci wannan bai da bakin zagin daddawa.

Yanzu sana'ata haɗa sola ce a nan Katsina. Bara wani mai kuɗi ya kira ni yana son ya taimaki masuntan ƙauyensu da firiza masu aiki da hasken rana, har ya gama lissafin guda nawa, ni ma aikin zai kawo mani kuɗi masu kauri. Nace ranka ya daɗe a ba ni kwana biyu in je in zauna da su tukun. Na je da asuba na tarar suna fitowa da kwale-kwale, na gaida babbansu na zauna a ƙasa nace Baba tambaya na zo yi. Ya saurare ni tsaf sannan yace yaro tarwaɗa ai da ranta ake sayenta, in ka daskarar da ita ka kashe mata kuɗi, wadda ta rage kuma mata na yin banda ta yi watanni, karfasa ce kawai ke ba su wahala lokacin zafi, ita ma abin da suke nema ƙanƙara ce da za su sa a kwando zuwa kasuwa, ba akwatin da za a kulle a gidan mutum ɗaya a yi ta rigimar makulli ba. Na koma na faɗa ma Alhaji, bai ji daɗi ba da farko don ya riga ya hango hoton jerin firiza, ƙarshe dai guda biyu muka haɗa na yin ƙanƙara kawai, kuɗin aikina ya ragu da fiye da rabi.

Da zan taho Baban ya sa aka ɗaure mani karfasa shida a leda. Kafin in karɓa hannuna ya riga ni, na ɗaga marfin kunnen guda ina leƙawa, sai ya riƙe baki yace kai ɗan wane gida ne a masunta?