Wata huɗu ina bin motocin rake a Barbados

Ni ɗan manoman rake ne daga Maƙarfi. Na tashi ina ganin ana matse rake ana dafa mazarƙwaila, shi ya sa da na samu damar zuwa Barbados koyon aikin irin rake, na ɗauka babu abin da zai zo mini baƙo. Tsibiri ne ƙarami a yankin Karibiyan, murabba'in kilomita 430, mutanensa ba su kai 300,000 ba. Na sauka a watan Fabrairu, daidai lokacin da ake fara yanka.

Aikin da aka ba ni mai sauƙi ne: in bi motocin rake daga gona zuwa Portvale, masana'antar sukari ɗaya tilo da ta rage a tsibirin, in rubuta nauyin kowane iri. A nan na fara lura da wani baƙin ruwa mai kauri kamar zuma, mai warin ƙuna, wanda ke saura bayan an cire sukari. Molasis suke ce masa. Na ɗauka shara ce. Wani dattijon direba ya sa yatsa ya lakato, ya ce mini wannan ne abin da tsibirin ke rububi, domin da shi ake yin giyar rake da ake kira rom.

Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta baki ba, kuma na gaya musu haka tun ranar farko. Ba wanda ya matsa mini. Amma da na zauna da alƙalami na bi lissafin, sai jikina ya yi sanyi. A shekarun 1960 Barbados na fitar da sukari wajen tan 200,000 a shekara, yau ko kashi ɗaya cikin goma ba ta samu. Tarayyar Turai ta zabge farashin da take sayen sukarinsu da kashi 36 cikin ɗari daga 2006, gonaki da yawa suka koma daji ko gidaje. Giyar kuwa tana cikin manyan kayan da ƙasar ke sayarwa waje, kuɗinta ya zarce na sukarin nesa ba kusa ba. Har ta kai molasis ɗin gida ba ya isa, sai an shigo da shi ta jirgin ruwa daga wasu ƙasashe.

Kuma ba ma'aikatan masana'anta kaɗai ke ci ba. Direbobi, masu gyaran ganguna, masu kai 'yan yawon buɗe ido Mount Gay, tsohuwar masana'antar rom wadda takardunta suka koma har 1703, duk a nan suke samun na cefane. Ko bikin Crop Over da ke cika otal-otal a watan Yuli zuwa farkon Agusta, asalinsa murnar gama yankan rake ne.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Gonakin nan bayi daga Afirka ta Yamma ne suka nome su tun shekarun 1640, kuma jikokinsu nake gaisawa da su kowace safiya. Sannan riba mai tsoka tana tafiya waje: Mount Gay tana hannun kamfanin Faransa, Rémy Cointreau, tun 1989. Mai yanka yana nan cikin rana da ƙaiƙayin ganye a wuya, mai sunan da ke jikin kwalba yana Turai.

Kuskurena shi ne na shafe wata biyu ina auna sukari kawai, ban tambayi inda ragowar ke tafiya ba. Da na dawo gida, tambayar da na fara yi wa masu masana'antar sukari ke nan. Molasis ana haɗa shi a abincin shanu, ana yin yis na burodi da shi, ana tace shi ya zama sinadarin da asibitoci ke wanke hannu da shi. Bana na sayo jarka biyu, ina gauraya shi da dusa da yankakken karan dawa ina ba bijiman Baba uku da muke turka domin Babbar Sallah.